FAIFAN DA YA ƊAGA METALLICA, DA TAFIYAR DA TA CINYE ƊAYANSU

Akwai wani kiɗan samarin Turawa da ake kira tirash metal. Kiɗa ne na jita mai aiki da lantarki da ganguna, ana buga shi da gudu da ƙara kamar injin niƙa ya kwance, mawaƙin kuwa ba rerawa yake yi ba sai dai a ce tsawa. Wanda bai saba ba zai ce hayaniya ce kurum. Amma masana kiɗa a ƙasashen Turai da Amurka, in ana lissafin manyan fayafayen wannan fanni, da wuya su fara da wani ba Master of Puppets ba, watau mai jan zaren 'yan tsana, wanda ƙungiyar Metallica ta fitar ran 3 ga Maris, 1986.

Su huɗu ne a lokacin. Lars Ulrich mai ganga ɗan ƙasar Danmak ne, iyayensa suka ƙaura da shi jihar Kalifoniya yana saurayi. Shi ne ya ba da cigiya a jarida a 1981 yana neman abokan kiɗa, James Hetfield ya amsa, ya zama mawaƙinsu. Sai Kirk Hammett mai jita, da Cliff Burton mai babbar jitar nan mai kaurin murya da ake kira bes. Burton bai yarda ya bar garinsu ya koma Los Anjalus ba, don haka ƙungiyar ce ta tattara ya-nata ya-nata ta bi shi yankin San Faransisko a 1983. Wannan kaɗai ya isa ya nuna darajarsa a wurinsu.

A wani gareji a garin El Cerrito suka tsara waƙoƙin. Da lokacin ɗauka ya yi, sai suka nufi Kwafanhagan, babban birnin ƙasar su Ulrich, ɗakin ɗaukar murya na Sweet Silence, wurin Flemming Rasmussen wanda ya yi musu aikin faifansu na biyu. Suka fara a watan Satumba, 1985, ba su gama ba sai ƙarshen Disamba, wata huɗu ke nan a cikin sanyi da gajeren yini, Ulrich yana gida, sauran uku suna baƙunta.

To, aikin ba na garaje ba ne kamar yadda kunne ke ji. Hetfield ba ya yarda a kwafi sautin jitarsa a ninka da na'ura. Sai ya buga, ya sake bugawa a kan na farko, dole kowane bugu ya faɗa daidai kan ɗan'uwansa, in an sami saɓani ko na ƙiftawar ido a koma farko. Ga shi kuma yawancin bugun ƙasa-ƙasa yake kai hannu, ba ya komowa da shi sama, abin da ke sa sautin ya yi nauyi, hannu kuwa ya ji jiki. Burton, wanda ya karanci ka'idojin kiɗa kuma yake sauraron tsoffin makaɗan Turai irin su Bach, shi ya kawo musu laushi. Hannunsa ya fi fitowa a Orion, kiɗa zalla na fiye da minti 8 babu waƙa ko ɗaya.

Waƙa 8 ne a faifan, kuma kusan duk zancensu ɗaya, yadda ake juya mutum ba da saninsa ba. Wadda aka sa wa faifan sunanta tana magana ne a kan ƙwaya, yadda mai sha ke zaton shi ke riƙe da ita alhali ita ke jansa. Wata a kan yaran da ake turawa bakin daga su mutu manya na zaune, wata a kan masu wa'azin talabijin na Amurka da ke tatsar talakawa. Hoton bango ma haka: fararen alamun kaburbura jere, zare ya tashi daga kowanne zuwa wasu hannuwa a sama.

Gidajen rediyo ba su kula shi ba, ƙungiyar kuma ba ta yi masa majigin talla ba. Duk da haka ya hau na 29 a jerin fayafayen da aka fi saye a Amurka, kafin shekara ta fita an sayar da 500,000. Abin da ya taimaka shi ne yawon da suka yi da Ozzy Osbourne daga Maris zuwa Agusta, su buɗe fage shi ya rufe, matasa su watse suna neman faifan.

Daga nan suka haura Turai. Ran 26 ga Satumba, 1986 suka yi wasa a Istokhom ta ƙasar Suwidin, suka shiga bas da dare za su Kwafanhagan. An ce a daren sun ja kati don raba wuraren kwana, Burton ya ci, ya zaɓi gadon Hammett. Da asubar 27 ga wata, kusa da ƙauyen Dörarp, bas ta saki hanya ta kife. Burton ya fita ta taga, motar ta danne shi, nan take rai ya yi halinsa yana da shekara 24. Direba ya ce ƙanƙara ce a kan kwalta. Hetfield ya ce ya taka hanyar da ƙafarsa bai ga ƙanƙara ba. Ba a kama direban da laifi ba.

A wurin jana'izarsa Orion aka sa. Kafin shekara ta ƙare ƙungiyar ta ɗauki Jason Newsted ta ci gaba da yawo, gaggawar da su kansu suka ce daga baya ba ta bar su sun yi makoki ba.

Faifan dai bai tsufa ba. A 2016 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya ba da sanarwar sa shi cikin sautukan da za a adana wa ƙasa, shi ne na farko a kiɗan metal da ya sami haka. A 2022 kuma wani wasan talabijin mai suna Stranger Things ya sa babbar waƙar, yaran da ba a haifa ba a 1986 suka yi mata caa, har ta shiga jerin waƙoƙi 100 na Amurka karo na farko, bayan shekara 36.