Ƙiba Ta Gado Da Ciwon Dajin Hanji

A Ngojin, kamar sauran garuruwan ƙasar Potiskum, in mutum ya ajiye teɓa sai a ce hutu ne. Amma masana sun tabbatar wata ƙibar gadonta a ke yi.

A 1994 wani masani a Amurka, Jeffrey Friedman, ya gano leptin, watau sinadarin da ke shaida wa ƙwaƙwalwa jiki ya tara isasshen kitse. A 1997 likitocin Cambridge su ka sami yara 2 'yan dangi ɗaya da jikinsu ya rasa shi, kullum cikin yunwa su ke.

Har ila yau akwai ciwon dajin hanji mai bin zuriya, ana ce da shi Lynch. Farfesa John Burn na Ingila ya gwada asfirin a kan masu wannan gado, a 2011 ya bayyana cewa ciwon ya ragu ga waɗanda su ka sha shekara 2. A 2015 aka gano ƙiba na ƙara musu haɗari, asfirin kuwa na rage shi.

Sai dai fa asfirin kan sa ciki zub da jini. Duk wanda ciwon nan ya taɓa danginsa, ya fara ganin likita kafin ya nufi kemis.