3.4 Tsara Darasin Intanet Domin Kowane Ɗalibi a Yankin Isa da Sabon Birni

Wannan sashe zai duba yadda malami zai tsara darasin da ake aikawa ta waya ko kwamfuta domin ya isa ga kowane ɗalibi, har da makaho da kurma da mazaunin ƙauye irin Kamarawa a ƙaramar hukumar Isa.

Abubuwa biyu ne suka fito da muhimmancin batun. Na farko, a watan Maris na 2020 an rufe makarantu a Nijeriya saboda cutar korona, karatu ya koma gidajen rediyo da talabijin da wayoyi. Na biyu, a watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, ciki har da Isa da Sabon Birni, saboda matsalar 'yan bindiga. Ke nan, darasin da ba ya buɗuwa sai da intanet mai ƙarfi zai bar yaron wannan yanki a baya.

A shekarar 2008 ƙungiyar W3C ta fitar da ƙa'idojin da ake kira WCAG 2.0, waɗanda suka tanadi cewa mai naƙasa ya iya riskar abin da aka ɗora, ya sarrafa shi, ya kuma fahimce shi. Bisa ga haka, ya kamata malami ya kiyaye waɗannan:

(a) Ya haɗa murya da rubutu a kowane darasi, domin makaho ya saurara, kurma ya karanta.

(b) Ya buga rubutu, kada ya ɗauki hoton allo ko takarda, domin manhajar da ke karanta wa makaho ba ta gane hoto sai an rubuta bayaninsa.

(c) Ya kiyaye baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Alal misali, "kafa" daban, "ƙafa" daban.

(d) Ya gajarta darasi ya rage masa nauyi, yadda za a iya tura shi ta Bluetooth ko katin memori ba tare da sabis ba.

A taƙaice, tsarin da ya kula da naƙasasshe shi ne kuma yake amfanar ɗan ƙauye mai ƙaramar waya. Sashe na gaba zai duba irin horon da malamai ke buƙata a kan haka.