Hattara da Masu Damfara da Sunanka

Wani zai kira ka, ya ce daga wani guruf yake, ya nemi lambobi 6 da WhatsApp ya turo maka. Kana ba shi, ya ƙwace asusunka. Sai ya bi danginka da sunanka: "Ina asibiti, a taimaka da kuɗin magani." Su tura, kai a bar ka da zargi.

Kada ka ba kowa waɗannan lambobi, haka BVN da NIN. Banki ba ya tambayar PIN ta waya. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp. In layinka ya ɓata, ka rufe shi a ranar, ka sanar da banki. A faɗakar da iyali da tsofaffin gida. Allah ya tsare mu.