Ma'aikatan Wuta da Ruwa: Ƙidayar da Ta Manta da Ɗan Garuwa

Da zarar an fara raɗe-raɗin rage ma'aikata a kamfanin wutar lantarki, sai teburin mai shayi a Kubwa ya koma majalisar masana. Hukuncin ɗaya ne: tunda har 'yan NEPA ake sallama, to arzikin gari ya karye. In kuma aka ji ana ɗaukar aiki, sai a ce kasuwa ta farfaɗo. Duka biyun awo ne da mudu mai huda.

Tunanin yana da asali. A Amurka, hukumar ƙididdigar ƙwadago kan fitar da alƙaluman ma'aikata wata-wata, har da na ɓangaren wuta da ruwa da gas. Amma ko a can, ɓangare ne mai nauyin jiki, domin kasuwa ta faɗi ko ta tashi, ba a daina kunna fitila, ba a daina shan ruwa.

A nan kuwa, siyasa da na'ura ne suka fi juya yawan ma'aikatan. Ranar 1 ga Nuwamba 2013 gwamnati ta miƙa wa 'yan kasuwa kamfanonin da aka ɓalle daga PHCN, magajin NEPA, aka biya ma'aikata fiye da 40,000 kuɗin sallama, kuma ba duka aka sake ɗauka ba. Cikin kamfanonin rarraba wuta 11, AEDC ne ya gaji Abuja da Neja da Kogi da Nasarawa. A shekarun nan Kubwa ba ta tsaya ba, gidaje sai hawa suke yi ta wajen Byazhin. Sannan ga mita mai kati, wadda a duk gidan da ta shiga ta cinye aikin mai karanta mita da mai raba bil. Masu amfani da wuta sun ƙaru, masu albashi a kanta ba lallai su ƙaru ba.

Aikin ma bai ɓace ba, ƙaura ya yi. Madatsar ruwa ta Usuma tana kusa da Ushafa, a ƙaramar hukumar Bwari ɗin da Kubwa take ciki, amma tun da asuba ɗan garuwa ke dafe da kurarsa, jarkoki jere, yana turo ruwan burtsatse da ƙirji a kan gangare. Ga mai gyaran janareta a gindin bishiya, hannu baƙi ƙirin, yana hura kafireto. Ga mai cajin waya da allonsa cike da soket. Tun watan Afrilun 2024, da hukumar kula da lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin kowane yunit na wutar rukunin Band A daga kusan naira 68 zuwa 225, masu ɗora sola a kan kwano su ma sun samu kasuwa. Duk ma'aikatan wuta da ruwa ne, amma babu sunansu a rajistar kowane kamfani.

To ko an ƙirga su, yawansu ba albishir ba ne. Yawan masu faci a bakin titi labarin ƙusa da ramuka yake bayarwa. Cinikin maganin sauro ba ya nuna unguwa ta ci gaba, kwata ce ta toshe. Mai sayar da kyandir ma ranar duhu yake cin kasuwa.

Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ƙara dagula lissafin. Rashin aikin yi da ta ce kashi 33.3 cikin ɗari ne a ƙarshen 2020 ya dawo 4.1 a farkon 2023, bayan ta sauya ma'auni: wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako, ma'aikaci ne. Da wannan mudun, famfo ya ƙafe ma samar da aiki ne, kuma ba a rasa jami'in da zai karanta adadin da fara'a.

Mai son sanin halin Kubwa gara ya tambayi kuɗin jarka a watan Maris, da awa nawa layin unguwa ya samu wuta jiya, da dalilin da ya sa mai walda yake buɗe shago ƙarfe biyun dare.