Abubuwan da ya kamata ka sani kafin a canza shokazoban gaba na akori-kurarka

Daga Dutse zuwa Shuwarin, ko daga Kiyawa ka bi ta Jahun ka faɗa Gujungu, mota ba ta shan wata wahala, domin kwalta ce. Wahalar tana farawa inda kwalta ta ƙare: burji mai gargada, yashin da taya ke nutsewa a ciki, da hanyoyin fadama na wajen Miga da Ringim waɗanda ruwan Agusta ke zaizayewa kowace shekara. A irin waɗannan hanyoyi ne akori-kura ke neman abincinta, musamman Hilux, wadda ma'aikatu da jami'an tsaro da manyan manoma da masu sayen riɗi da zoɓo da shinkafa suka fi dogaro da ita. Ƙafafun gaba su ke fara karɓar kowane rami, kuma abin da ya fi saurin gajiya a cikinsu shi ne shokazoba.

Abin da ke damuna shi ne yawancin masu mota ba sa zuwa gareji sai sun ji ƙara. Shokazoba kuwa yakan mutu shiru, motar tana tafiya, mai ita yana ganin lafiya lau, alhali tayoyin gaba sun daina riƙe ƙasa yadda ya kamata.

Mene ne aikinsa a jikin mota?

Mutane da yawa suna ɗauka shokazoba ne ke ɗaukar nauyin mota. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi. Idan taya ta daki rami, sifirin yana lanƙwashewa ya shanye dukan, sai dai shi kaɗai ba ya iya tsayawa. Zai yi ta lilo sama da ƙasa har ƙarfin ya ƙare. Shokazoba shi ke kashe wannan lilo. A cikinsa akwai mai, da wani fistan mai ƙananan ƙofofi da man ke kutsawa ta cikinsu da ƙyar duk lokacin da ƙafar ta motsa. Wannan kutsawa ita ke mayar da ƙarfin girgiza ya koma zafi. Shi ya sa idan ka taɓa lafiyayyen shokazoba bayan doguwar tafiya a gargada za ka ji shi da ɗumi. Yawancin na zamani ana ɗura musu iskar nitirojin don kada man ya yi kumfa idan ya ɗau zafi, domin man da ya yi kumfa ba ya riƙewa.

Amfanin duk wannan shi ne taya ta zauna a ƙasa. Tayar da ke tsalle ba ta jin birki kuma ba ta jin sitiyari a daidai lokacin da take sama. Direban da ya taso daga kasuwar Sara da lodi, saniya ta gitta masa, birkinsa zai iya zama sabo fil amma motar ta ƙara tafiya kafin ta tsaya, saboda shokazoban gaba sun mutu.

Yanayinmu ma ba ya tausaya masa. A watannin Afrilu da Mayu zafin Dutse yana haura digiri 40, man ciki ya tsinke. Da hunturu ƙura tana shiga ta rigar roba idan ta yage, ta goge sandar, ta cinye robar da ke hana man fita. Da damina kuma taɓo da ruwa ne.

Ba kowace akori-kura ce ke da ƙafa iri ɗaya ba

Wannan ya kamata ka tantance tun kafin ka aika a sayo kaya, domin shi ke nuna girman aikin da haɗarinsa.

Toyota ta fara ƙera Hilux a 1968, kuma ƙafar gabanta ta sauya fiye da sau ɗaya. Masu jan ƙafa huɗu na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 suna amfani ne da wata doguwar sandar ƙarfe da ke murɗewa a madadin sifirin, shokazoban yana tsaye shi kaɗai. Daga samfurin da ya fito a 2004 zuwa 2005, wanda ake kira Vigo, har zuwa na 2015 da ake kira Revo, an cusa shokazoban ne a tsakiyar sifirin mai naɗi, suka zama dunƙule ɗaya, tsakanin hannun ƙarfe na sama da na ƙasa. Haka gaban Nissan Navara na 2005 zuwa sama yake, haka Ford Ranger na 2011 zuwa sama. Tsohuwar Peugeot 504 ta ɗaukar kaya, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, ita ma dunƙule ce, har ma ta fi, domin a jikinta dunƙulen ne ke riƙe kan taya yana juyawa tare da sitiyari.

Land Cruiser 79 kuwa, wadda ta fi su jure lodi, tana da aksil guda a gaba da ke haɗa tayoyin biyu, sifirin daban, shokazoba daban. Haka manyan akori-kura na Amurka masu jan ƙafa huɗu irin su Ford F-250. A waɗannan, canza shokazoba aiki ne mai sauƙi, noti a sama, kusa a ƙasa, ba a taɓa sifirin. Abin da zai biyo baya ya fi shafar masu dunƙule, wato mafi yawan Hilux da ke yawo a Jigawa yau.

Yadda za ka gane ya gaji

Leƙa bayan taya. Ɗan laimar mai da ƙura ta manne a kai ba abin tsoro ba ne, amma idan man ya gangaro jikin shokazoban har ƙasa, ya gama aiki. Shafa tafin hannunka a kan tayar gaba: idan ka ji ta ci tudu da kwari, wuri ya lotsa wuri ya taso, alama ce tana tsalle a kan titi. Idan ka taka birki hancin motar ya yi sujada, ko ka haye tudun rage gudu ta ci gaba da lilo bayan ka wuce, ko a kwana ka ji tana kwantawa fiye da da, duk shaidu ne.

Danna gaban mota da hannu a ga ko za ta yi lilo yana aiki a ƙaramar mota. A Hilux sifirin ɗin ya fi ƙarfin hannun mutum, don haka kada ka yarda da wannan gwaji shi kaɗai.

Ƙara kuma ba kullum daga shokazoba take ba. Bushin da ya cinye, ko boljoyin, ko tayirod, ko ƙaramar sandar sitabilaiza, kowannensu yana ƙwanƙwasa a gargada. Bakanike na ƙwarai zai ɗaga motar ya girgiza tayar ya sa ƙarfe ya gwada kowace gaɓa kafin ya ce a sayo wani abu. Kamfanonin da ke ƙera shokazoba irin su KYB da Monroe suna ba da shawarar a yi tunanin canji idan an kai kilomita 80,000, amma motar da rabin rayuwarta a burji take da lodi ba lallai ta kai nan ba.

Sabo, na hannu, ko wanda aka yi wa ɗuri

Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kayan gyaran mota suka yi tsada, kuma ba na ganin laifin mai motar da ke neman sauƙi. Amma ya san abin da yake saya. Ko a Dutse aka samo, ko an aika Ƙofar Ruwa a Kano, iri uku ne a kasuwa.

Akwai sabo na asali, na Toyota ko na sanannen kamfani. Akwai sabon jabu, mai kwali da tambari irin na asali, wanda ba ya daɗewa yake fara zubar da mai. Kariyarka a nan ita ce lambar shasin motarka da lambar kayan, da kuma dillalin da zai yarda ya karɓi kayansa idan ya ba da matsala. Sannan akwai na hannu, wanda ake ce wa Beljiyam. Wani yana da sauran rai, amma ba wanda zai iya gaya maka kilomita nawa ya yi, kuma wanki da fenti suna ɓoye tsufa. Idan dole sai shi, duba sandar kada ta kasance da ƙarzuwa ko tsatsa ko lanƙwasa, ka danna ka ja ka ji yana riƙewa daga farko har ƙarshe ba tare da wani wuri ya zame ba.

Wanda nake roƙon a guje masa shi ne na ɗuri, wato a huda tsohon shokazoba a zuba masa mai a toshe. Robar da ta bar man farko ya fita tana nan yadda take, ƙofofin ciki sun riga sun cinye, iskar ta tsere, kuma man da aka zuba ba nasa ba ne. Zai yi tauri na ɗan lokaci, mai mota ya ji daɗi, sannan ya koma gidan jiya. Huda ko walda a jikin abin da ke da iska a matse haɗari ne ga shi kansa mai yin aikin.

Ko wanne ka saya, biyu ake canzawa, hagu da dama tare. Sabo a gefe ɗaya, matacce a ɗayan, yana sa mota ta riƙa karkata idan an taka birki. A duba hular sama mai roba, da rigar da ke kare sandar daga ƙura, da robar da ƙafa ke dukawa idan ta kai maƙura. Kuɗinsu kaɗan ne, kuma sake buɗe dunƙulen don su kaɗai biyan aiki ne sau biyu.

Inda haɗarin yake

Sifirin da ke cikin dunƙulen a matse yake ko da an cire shi daga mota, kamar baka da aka ɗana. Noti ɗaya ne tak, na tsakiyar hular sama, ke riƙe da shi. A saman dunƙulen Hilux akwai notuna uku a gefe waɗanda ke ɗaure shi da shasi. Su ake kwancewa don a fito da shi. Na tsakiya ba a taɓa shi sai an kama sifirin da na'urar matsewa har ya saki hular. Wanda ya kwance shi haka kawai, hular da sifirin za su tashi da ƙarfin da ke karya muƙamuƙi ko hannu, har ya kai ga rasa rai.

A garejojinmu sau da yawa yaro ɗan koyo ake miƙa wa wannan aiki, wani lokacin da igiya ko waya ko siraran ƙugiyoyin da aka yi don ƙaramar mota. Sifirin Hilux ya fi ƙarfinsu. Alhaji, idan motarka ce, kana da ikon tambayar maigidan garejin da me zai matse sifirin, kuma ka ga abin da idonka. Idan ba shi da na'ura mai ƙarfi, a ɗauki dunƙulen a kai inda ake da ita. Yaron nan ɗan wani ne, kuma bai kamata a jefa shi cikin haɗari don a rage kuɗin aiki ba.

Haka batun ɗaga mota. Jak na ɗagawa ne kawai. Bayan an ɗaga, a tokare shasi da ƙafafun ƙarfe a kan ƙasa mai tauri, a sa waigi a tayoyin baya. A garejin da ƙasarsa yashi ce, jak yana nutsewa, bulo kuma yana farfashewa ba tare da gargaɗi ba.

Ƙananan abubuwan da ke ɓata aiki

Don dunƙulen ya fito, ana kwance sandar sitabilaiza da kusar ƙasa, wasu kuma su saki boljoyin na sama don samun fili. A nan a tallafi kan tayar, kada a bar shi yana reto a jikin tiyon birki ko wayar ABS, kuma a mai jan ƙafa huɗu kada ya faɗo waje ya zare shaf. A yi wa sifirin hagu da na dama alama, domin a wasu samfura ba ɗaya suke ba. A lura da inda ƙarshen sifirin ke zama a kujerarsa, da fuskar da hular ke kallo, in ba haka ba kusoshin sama ba za su hau ramukansu ba.

Kada a damƙi sandar sabon shokazoba da filaya don a ɗaure noti. Ƙarzuwa ɗaya a jikinta ta isa ta yanke robar ciki, man ya fara fita cikin 'yan makonni, a ce kayan ne jabu.

Wanda aka fi mantawa shi ne kusar ƙasa. Ba a ƙarasa ɗaure ta sai an sauke motar nauyinta ya hau tayoyi. Idan aka ɗaure tana rataye, da zarar an sauke sai robar bushin ta murɗe ta zauna a murɗe, ba da jimawa ba ta yage. Ɗaurin kuma yana da ma'auni da kamfani ya rubuta, akwai sifana ta musamman da ke auna shi.

Bayan an sauke mota

A kai ta alaimen, ko da sitiyari yana nan daidai a ido. Tsayin gaban mota yakan ɗan sauya bayan wannan aiki, kuma karkacewar da ido ba ya gani tana cinye gefen taya. Bayan tafiyar kwana biyu ko uku a koma a sake duba notuna, a leƙa ko akwai mai.

Sai batun lodi. Hilux an yi ta ne don kimanin tan ɗaya, kuma direba da duk wanda ya hau suna cikin lissafin. Buhu goma masu kilo 100 sun riga sun cinye shi. Idan aka jibga kaya a can bayan tayoyin baya, gaba yana ɗagewa, sitiyari ya yi sakayau, shokazoban gaba su riƙa miƙewa har maƙura a kowane rami. Kaya mafi nauyi a matso da shi jikin gidan direba. Wanda kuma ya ƙara wa gaban motarsa katangar ƙarfe mai nauyi, ya gaya wa bakanike tun kafin a sayo kaya, domin motar tana iya buƙatar sifirin da ya fi na kamfani ƙarfi da shokazoban da ya dace da shi.