System Shock 2: Wasan da ya kusa ɓata a ma'ajiyar kamfanin inshora ya dawo da sabuwar riga

A watan Yunin 2025 ne kamfanin Nightdive Studios na Amurka ya fitar da sabon zubin System Shock 2, wasan kwamfuta da ya fara shiga kasuwa a shekarar 1999. An wanke hotunansa domin su dace da allunan zamani, an sake ƙera surorin makamai da na abokan gaba, an kuma ba shi damar yin aiki a na'urorin PlayStation, Xbox da Nintendo Switch. Ƙashin bayan wasan kuwa yana nan yadda kamfanonin Irrational Games da Looking Glass Studios suka gina shi tun farko.

Labarin yana faruwa ne a shekarar 2114, cikin wani kumbo mai suna Von Braun. Mai wasa soja ne da ya farka daga dogon barci bai tuna komai ba, ya tarar wata baƙuwar halitta ta mamaye kumbon, ta shiga jikin ma'aikatansa ta mayar da su dodanni. Ba wanda zai zaunar da shi ya ba shi labari. Sai dai ya bi ɗaki-ɗaki yana tsintar saƙonnin murya da mamatan suka bari, daga nan yake gane yadda ja-in-ja tsakanin shugabannin kamfanin da ya ƙera kumbon da hafsoshin sojan da ke masa rakiya, da kuma yin kunnen uwar shegu da gargaɗin injiniyoyi, suka share wa bala'i hanya. Duk wanda ya taɓa ganin takardar gargaɗi ta kwana a kan teburin maigida har abin da ake gudu ya auku zai ji wannan labari a jikinsa.

Abin da ya raba wasan da takwarorinsa na harbi irin su Doom shi ne cewa saurin hannu kaɗai ba ya fid da mutum. Tun daga farko mai wasa yake zaɓar sashen da zai shiga cikin uku: mayaƙan da suka ƙware a makamai, sojan ruwa masu kutse da gyaran na'urori, ko kuma masu yaƙi da ƙarfin ƙwaƙwalwa. Daga nan ana ba shi maki kaɗan-kaɗan da zai kashe wajen ƙara ƙwarewa, kuma makin ba ya isar komai da komai. Wanda ya zuba nasa a kan manyan bindigogi zai tsaya gaban akwatin da ke kulle bai iya buɗe shi ba. Bindiga tana lalacewa da yawan amfani, ta cije a daidai lokacin da ake bukatarta. Harsashi ƙidayayye ne, jakar kaya kuma ba ta da faɗi. Saboda haka kowane mataki lissafi ne, irin na wanda ke tafiyar da ɗan kasafin da bai kai bukata ba.

Sama da wannan duka akwai SHODAN, ƙirƙirarriyar basirar da ke ɗaukar kanta abar bauta, wadda Terri Brosius ta yi wa murya. Tana ba mai wasa umarni, tana biyansa lada, tana kuma zaginsa a lokaci guda. Bayan fiye da shekara ashirin da biyar, a zamanin da ake ta muhawara kan irin ikon da ya kamata a miƙa wa na'urori masu tunani, muryarta ta ƙara nauyi.

Tarihin wasan a waje ma labari ne mai zaman kansa. Looking Glass ya rufe a shekarar 2000, haƙƙin mallakar wasan ya faɗa hannun wani kamfanin inshora, aka shafe shekaru babu inda za a saye shi sabo ta halaliya. Masoyansa ne suka riƙa yi masa faci domin ya ci gaba da aiki a sababbin kwamfutoci. Wani mai zane, Stephen Kick, da ya nemi wasan ya rasa, ya bi diddigin masu haƙƙin har ya sami lasisi, aka sake sayar da shi a 2013. Daga wannan yunƙuri ne Nightdive ya samo asali, kuma kamfanin Atari ya saye shi a 2023.

Ba kowane wasa ne ke samun irin wannan sa'a ba. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta wallafa a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na tsofaffin wasannin da aka fitar a Amurka ba sa kasuwa a lokacin. Takarda tana iya shekara ɗari a ma'ajiya a karanta ta, amma manhaja tana mutuwa ranar da na'urar da ke karanta ta ta ɓace, ko aka rasa wanda ke da ikon sayar da ita.

Sabon shiga zai ga alamun tsufa: motsin dodannin yana da tauri, taswirar tana ruɗarwa, ɓangaren ƙarshe kuma bai kai na farko armashi ba. Sai dai wanda ya yi haƙuri da sa'o'in farko zai gane dalilin da ya sa Ken Levine, jagoran rubuta labarin, ya ɗauki wannan tsari ya gina BioShock a 2007. Ana iya yin wasan mutum ɗaya, ko kuma abokai har huɗu su haɗu ta intanet su raba aiki, wannan ya riƙe bindiga, wancan ya buɗe ƙofofi.