Tsohon Babur a Hanyar Kadawa

Da yawanmu a Kura da Bunkure mun taso mun tarar da tsohon Honda CG125 a zaure. Tun 1975 aka fara ƙera irinsa, da inji mai jure wahala. Shi ke kai kwandunan tumatir Kwanar Gafan, a samu kuɗin jarrabawarmu. In ya mace a hanya da tsakar rana, tumatir ya yi laushi, dillali ya karya farashi.

Ƙurar rani da taɓon bakin magudanun ruwan Tiga ba sa raga masa. Shi ya sa duk Asabar ake sa mu wanke soson tace iska, mu goge filogi, mu shafa wa sarƙa mai. Juyen baƙin mai kuwa iyayenmu ke yi da kansu. Ba su yarda da mu ba tukuna.